Gandiroba: Aikinsa da haɗarinsa a lokacin rikicin siyasa

Gandiroba shi ne ma'aikacin da doka ta damƙa wa tsaron fursuna, tun daga ranar da kotu ta aiko shi har ranar da za a sallame shi. An aro kalmar daga Turancin zamanin mulkin mallaka, sunan mai kora ayarin fursunoni zuwa wajen aiki. Amma sana'ar ta girmi sunan. Tun kafin zuwan Turawa akwai sarautar Yari a fadar sarakuna, kuma daga gare ta aka samu "gidan yari".

A kullum aikin ba ya wuce ƙidayar fursunoni safe da yamma, rabon abinci, binciken ɗakuna, rakiya zuwa kotu ko asibiti, da kula da masu ziyara. Gandiroban da ke cikin farfajiya ba ya riƙe bindiga, don kada a ƙwace ta a juya masa. Masu makami suna bakin ƙofa da saman katanga. Wahalarsa takan ninku ne idan siyasa ta yi zafi, domin duk wanda masu mulki suka kama, hannunsa ake kawowa.

Ƙasar Dutse, wadda Miga take ciki, ta san wannan tun zamanin En'e. A wancan lokaci yankin yana ƙarƙashin En'en Kano, kuma alƙali da ɗan doka da gandiroba duk ma'aikatan hukuma ɗaya ne. Cikin shekarun 1950 'yan NEPU da dama sun sha ɗauri a kan laifuffuka irin su taro ba izini ko zagin hakimi. Mai gadinsu kuwa talaka ne irinsu, wani lokaci ma unguwarsu ɗaya, ga shi albashinsa yana hannun waɗanda suka sa aka ɗaure su. Idan ya sassauta a ce ɗan adawa ne, idan ya tsananta ya rasa fuskar shiga gari. Sai a 1968 gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗe su wuri guda.

Mulkin soja bai sauƙaƙa masa ba. A zamanin Janar Sani Abacha an ɗaure Olusegun Obasanjo, wanda ya fito a 1998 ya zama shugaban ƙasa a 1999. Shehu Musa 'Yar'aduwa kuma ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. A irin wannan tsarewa umarni daga sama yake zuwa, sau da yawa da baki, amma sunan ƙaramin ma'aikaci ne a littafin aiki. Shi ya sa tsofaffin hannu suke taka-tsantsan da babban fursuna. Jigawa ma ta ga irin haka a watan Mayun 2017, lokacin da wata kotun majistare a Dutse ta tura tsohon gwamna Sule Lamiɗo gidan yari na 'yan kwanaki, bisa zargin tunzura magoya bayansa.

Haɗari mafi muni ya zo ne da masu ɗauke da makamai. Ranar 7 ga Satumba, 2010, 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauci, fursunoni sama da 700 suka fice. A Fabrairun 2012 aka kai hari Koton Ƙarfe a Jihar Kogi, aka kashe gandiroba ɗaya. A Afrilun 2021 fiye da 1,800 suka tsere daga Owerri. Ranar 5 ga Yuli, 2022 kuwa, ƙungiyar ISWAP ta auka wa Kuje, a gefen Abuja, sama da 800 suka gudu. Gine-ginen da aka yi don ɓarawon akuya da mai cin bashi, wasunsu tun zamanin Turawa, su ne aka cika da mayaƙan da ke da 'yan uwa a waje masu bama-bamai. Bayan kowane hari kuma, gandirobobin da suka tsira su ake fara tuhuma da haɗa baki.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da sunan hukumar zuwa ta gidajen gyaran hali. Dokar ta ba shugaban hukumar na jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika maƙil, ko da yake ba kasafai ake jin an yi amfani da ikon ba. Har yanzu kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen, abin da ya sake tayar da tsohuwar tambayar zamanin En'e: idan gwamna ne ke biyan gandiroba, wa zai tsare ɗan adawa?