Addu'ar neman zaman lafiya a majami'un Rano da Kibiya

Addu'ar neman zaman lafiya taro ne da Kiristoci ke yi a majami'a idan rikici ya ɓarke ko ana fargabar ɓarkewarsa. A ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano, akasarin masu halartarsa Hausawa ne 'yan asalin yankin, jikokin Maguzawa, waɗanda da yawansu ke da dangi Musulmi.

Tarihi

Tashe-tashen hankula sun sha taɓa Kiristocin jihar: rikicin birnin Kano na Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, ƙona majami'u a Tudun Wada a Satumban 2007, da harin da aka kai wa masu ibada a Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilun 2012. A matakin ƙasa, bishop-bishop na Katolika sun tsara addu'a ta musamman domin Najeriya a 1995. Ƙungiyar CAN kuma ta kira azumin kwana uku daga 31 ga Janairun 2020, bayan kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika.

Yadda ake yi

Da Hausa ake gudanar da taron. Ana karanta Littafi Mai Tsarki, musamman Zabura, a rera waƙoƙi, 'yan Zumuntar Mata su yi nasu da ganga da tulu. Daga nan sai fasto ya jagoranci addu'a domin waɗanda aka kashe, da shugabanni, da maƙwabta, har da maharan, bisa koyarwar Yesu ta yi wa maƙiyi addu'a. Akan gargaɗi matasa su guji ramuwar gayya.