Kabejin Tangaran na Caldas da Rainha

A ƙasar Fotugal kabeji abincin talaka ne. Kusan kowane manomi yana da shi a bayan gida, kuma da ganyensa ake yin miyar da suke kira caldo verde. Wanda ya ɗora shi a teburin masu hannu da shuni kuwa mai zanen barkwanci ne, Rafael Bordalo Pinheiro, da aka haifa a Lizbon a 1846.

Jaridu ne suka fara fito da sunansa. A 1875 ya ƙirƙiro Zé Povinho, wani baƙauye mai gemu da haraji ya yi wa katutu, wanda har yau shi ne alamar talakan ƙasar. A 1884 aka kafa masana'antar tangaran a garin Caldas da Rainha, inda aka daɗe ana ginin tukwane, shi kuma ya riƙe ɓangaren zane da ƙira.

Ba shi ya fara ba, domin tun wajen 1760 magina a Ingila suna yin butar shayi mai siffar farin kabeji. Amma a hannunsa abin ya zama tambarin gari guda. Ana fitar da ganyen da jijiyoyinsa da lanƙwasar bakinsa, a shafe shi da ruwan ƙyalli kore, a gasa, ya fito faranti ko kwanon miya mai murfi. Haka aka yi wa tumatir da kabewa.

Sai dai yabo bai biya bashi ba. Masana'antar ta yi ta fama da rashin kuɗi har ya rasu a 1905, bayan nan aka yi gwanjonta. Ɗansa Manuel Gustavo ya buɗe sabuwa a 1908, ya ci gaba da aikin mahaifinsa. Bayan shekara ɗari, karyewar tattalin arzikin duniya ta 2008 ta kai ta bakin rufewa, ma'aikata suna zaman jiran albashi, sai kamfanin Visabeira ya saye ta a 2009.

Da an rufe ta, da asarar ba ta tsaya kan albashi ba. Tsofaffin mazuban da ake fitar da siffar ganyen a cikinsu suna iya zama a gidan tarihi, amma sanin yadda ake haɗa ganye da ganye da shafa launi yana hannun ma'aikatan ne, kuma a bakin aiki ƙarami ke koya daga babba. Har yanzu da hannu ake yi wa kabejin launi a Caldas da Rainha.