Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa: Matsi Ko Waya?

Akwai cutar da jijiyar jini a ƙwaƙwalwa takan yi rauni, ta kumbura kamar salka. In ta fashe, sai ciwon kai farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba.

A 1937 wani likitan Amurka, Walter Dandy, ya buɗe ƙoƙon kai, ya ɗame wuyan kumburin da ɗan matsi na azurfa. A 1990 kuma Guido Guglielmi ya zo da wata dabara, watau a zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a cushe kumburin da lallausar waya, ba tsaga kai. Binciken da aka buga a 2002 ya nuna masu waya sun fi tashi lafiya. Amma fa tsada gare ta, da dala ake sayowa, kuma kumburi ɗaya yakan ci da dama. A Turai gajeren kwanan asibiti yakan rage bambancin. A nan kuwa kuɗin gado bai kai nasu ba, saboda haka matsi ya fi araha.

Mutumin Getso, kafin a zo ga wannan, akwai kuɗin mota zuwa Kano da na hoton kai. Hawan jini yana cikin abin da ke fasa jijiyar, awonsa kuwa ko a Gwarzo ana yi.