Tsarin Kwamfutar da Ba Ya Tsufa: Daga Ina Aka Faro?

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, amma tarihin da ya shafi tsohuwar kwamfutar da ke kan teburinka.

A 1991, wani ɗalibi a birnin Helsinki mai suna Linus Torvalds ya saki Linux, manhajar da kowa ke da damar buɗe cikinta ya duba, ya gyara, ya raba. Mutane suka fara gina cikakkun tsare-tsaren kwamfuta a kanta. Debian ta zo a 1993 da salon da aka saba: a tara gyare-gyare, a sake su lokaci guda da sabuwar lamba. Ubuntu ma haka ta bi daga 2004, duk wata shida.

To amma wasu sun ce, me ya sa za mu zauna jira? A watan Maris na 2002, Judd Vinet, ɗan ƙasar Kanada, ya fito da Arch Linux. Sau ɗaya kake girka ta, daga nan gyara yana ta shigowa kaɗan-kaɗan, babu ranar da za a ce maka taka ta tsufa. A wannan shekarar Gentoo ma ta fitar da sigarta ta farko. Daga baya openSUSE ta kawo Tumbleweed, sannan a 2022 kamfanin Valve ya gina tsarin na'urar wasansa ta Steam Deck a kan Arch.

Ina ruwanmu da wannan? Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba, kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da yawa. Irinsu ne kuwa a hannun ɗalibanmu.

Sai dai ba zan yi muku romon baka ba. Wannan salon yana cin data. Ni kaina an taɓa ɗauke wuta ina tsakiyar sabuntawa, batirina kuma ya mutu, sai da na kwana biyu ina gyara.

Don haka, kafin ka jefar da kwamfutarka, gwada. Amma ka adana fayilolinka a gefe tukuna, ka kuma cika caji. Sai mun haɗu a shiri na gaba.