Bashin Gida: A Biya da Wuri ko a Zuba Jari?

Bashin gida shi ne rancen da mutum ke karɓa don saye ko gina gida, gidan kuma ya zama jingina har sai an gama biya. Idan rarar kuɗi ta shigo hannu, kamar giratuti ko kuɗin rake a Kudan da Maƙarfi, tambaya takan taso: a rage bashin, ko a juya kuɗin? Amsar tana ga kuɗin ruwan da ke kan bashin.

Bashi mai sauƙi da mai nauyi

An kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, a 1992. Ma'aikacin da ke cikin shirin yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, kuma yana iya samun rance ta hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, ya biya cikin shekara har 30. Rancen bankunan kasuwanci kuwa ya wuce kashi 25 a 2024, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba.

Mu ɗauki rarar naira miliyan 1. Idan aka rage bashi mai ruwa kashi 6, an tsira da kusan naira 60,000 a shekara. Idan mai ruwa kashi 25 ne, an tsira da naira 250,000. Wannan riba ce tabbatacciya, ba ta jiran damina ko kasuwa.

Jari da haɗarinsa

Takardun lamunin ajiya na Gwamnatin Tarayya, waɗanda aka fara sayarwa a 2017, ana shiga da naira 5,000, ana biyan riba duk wata uku, kuma ribarsu a shekarun nan ta fi kashi 6. Noma da ajiyar hatsi suna iya kawo fiye da haka, amma suna iya cinye uwar kuɗi. A 2016 tsutsa ta lalata tumatir har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. A 2025 farashin masara ya faɗi, masu ajiya da yawa suka yi asara. Bashi kuwa bai san an yi asara ba.

Shawararmu

'Yan'uwa, muna ba da shawarar a bi wannan tsari. Da fari, a ware abin da zai riƙe iyali da biyan bashin na wata uku zuwa shida, domin kuɗin da ya shiga bango ba ya fitowa ranar asibiti. Na biyu, a kashe duk bashi mai ruwa da yawa kafin a yi zancen jari. Na uku, mai rancen NHF ba ya bukatar gaggawa muddin albashinsa na shigowa. Yana iya sa rarar inda riba ta tabbata. Amma wanda ya kusa ritaya gara ya rage bashin tun yana da albashi, kada ya bar wa matarsa da 'ya'yansa gida a jingine.

Kafin a biya, a karanta takardar yarjejeniya a ga ko akwai tarar biya da wuri, a kuma tabbatar an cire kuɗin daga uwar bashi. Miji da mata su yanke shawarar tare, gama rufin na su biyu ne.