Jigilar Fursunonin Yaƙi ta Teku da Asarar Rayuka a Yaƙin Duniya na Biyu

Gabatarwa

Bisa al'adar yaƙi ta zamani, idan soja ya ajiye makaminsa ya ɗaga hannu, to yaƙi ya ƙare a gare shi. Daga wannan lokaci ransa ya zama amana a hannun wanda ya kama shi. Amma a Yaƙin Duniya na Biyu dubban sojoji sun tsira daga fagen fama, sun shiga hannun abokan gaba da ransu, sa'an nan suka halaka a cikin jiragen ruwan da ake jigilarsu. Abin da ya fi ɗaure kai kuwa shi ne, mafi yawan waɗanda suka mutu ta wannan hanya makaman ƙasashensu ne ko na ƙawayensu suka nutsar da su. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta duba yadda haka ta auku, ta kuma nuna cewa hannu biyu ne suka haɗu a kan waɗannan rayuka, watau hannun wanda ya loda mutane kamar kaya, da hannun wanda ya yi harbi ba tare da ya iya bambance jirgin kaya da na mutane ba.

Giɓin da doka ta bari

A ran 27 ga Yuli 1929 aka sa hannu a birnin Janeba a kan yarjejeniyar da ta tsara yadda za a riƙe fursunonin yaƙi. Waɗanda suka rubuta ta yaƙin tudu ne a ransu, domin abin da suka gani ke nan a yaƙin 1914 zuwa 1918. Sun yi ƙa'ida cewa kada a kora fursuna a ƙasa fiye da kilomita 20 a yini, kuma kada a tsare shi inda wuta ke iya samunsa. Amma ba su yi wani tanadi na musamman game da tafiyar teku ba. Alamar jan kuros, wadda ke kare jirgi daga hari, jiragen asibiti kaɗai aka keɓe wa ita. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta nemi ɓangarorin yaƙi su daidaita a kan wata hanya ta kare jiragen da ke ɗauke da fursunoni, amma ba a cim ma matsaya ba, saboda kowane ɓangare yana zargin ɗan'uwansa zai fake da fursunoni ya yi safarar makamai.

Ita kuwa Japan ta sa hannu a yarjejeniyar, amma ba ta tabbatar da ita ta zama doka a kanta ba. A farkon 1942 ta yi alkawarin za ta bi ta gwargwadon hali. Wannan alkawari bai wuce takarda ba.

Yadda ake lodi

Cikin 'yan watanni, daga Disamba 1941 zuwa tsakiyar 1942, Japan ta ci Hon Kon da Singafo da Filifin da tsibiran Indonesiya, waɗanda a lokacin suke hannun Holan. Sojoji Turawa kimanin 140,000 suka faɗa hannunta. Da yake samarinta sun tafi fagen yaƙi, sai ta ga a wurin waɗannan fursunoni za ta sami ma'aikatan haƙar kwal da dakon kaya a tashoshin jiragen ruwa da shimfiɗa hanyar dogo. Daular da ta kafa kuwa tsibirai ne a warwatse, babu hanyar kai mutum daga wannan zuwa wancan sai ta ruwa.

Jiragen da aka yi aikin da su tsofaffin jiragen kaya ne. A cikin rumbunan da ake zuba kwal ko siminti, ko a ɗaure dawaki, nan ake kafa katakai hawa hawa a cusa mutane, har wani lokaci babu wurin kwanciya sai dai a zauna gwiwa na gugar bayan wani. Abinci ɗan dunƙulen shinkafa ne, ruwan sha kuwa sai an ga dama. Bokiti ake saukarwa da igiya domin bayan gida, alhali da yawa daga cikinsu atuni ke damunsu. Zafi da ƙishirwa da ƙarancin iska sun kashe mutane da dama tun kafin a gamu da kowane hari. Daɗin daɗawa, jirgin da ke ɗauke da fursunoni sau da yawa yana ɗauke da sojojin Japan da roba da sauran kayan yaƙi, yana da bindiga a bisansa, kuma yana tafe cikin ayarin jiragen kaya. Ga wanda ke leƙe daga jirgin ƙarƙashin ruwa, babu abin da ya raba shi da sauran.

Lisbon Maru da Junyo Maru

A ƙarshen Satumba 1942 jirgin Lisbon Maru ya tashi daga Hon Kon zuwa Japan da fursunoni 1,816, dukansu sojojin Birtaniya, tare da sojojin Japan fiye da 700. Da safiyar 1 ga Oktoba, kusa da tsibiran Zhoushan na ƙasar Sin, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka mai suna Grouper ya harbe shi. Jirgin bai nutse nan take ba, sai da ya yi yini da kwana yana shan ruwa, lokacin da zai isa a kwashe kowa da kowa. Amma sojojin Japan aka kwashe. Su kuwa fursunoni sai aka rufe bakin rumbunan da katakai, aka lulluɓe da tamfal, aka ɗaure. Haka suka kwana cikin duhu, babu ruwa babu iska. Da gari ya waye suka ji jirgin ya karkata, sai suka yanka tamfal suka ture katakai suka fito, masu gadi suka buɗe musu wuta, har waɗanda suka faɗa ruwa ba a ƙyale su ba. Masuntan tsibiran ne suka fito da ƙananan jiragensu suka tsamo mutum 384, suka ba su tufa da abinci. Kashegari sojojin Japan suka bi ƙauyukan suka sake kama su, in ban da mutum uku da masuntan suka ɓoye. Waɗanda suka mutu sun haura 800.

Asarar da ta fi kowace girma ita ce ta Junyo Maru, tsohon jirgi da aka ƙera a Port Glasgow tun 1913. A tsakiyar Satumba 1944 ya tashi daga Batabiya, watau Jakarta ta yau, da mutane fiye da 6,000 da za a kai aikin hanyar dogo ta Pekanbaru a tsibirin Sumatara. Kimanin 4,200 daga cikinsu leburori ne 'yan Jawa da aka kwaso na tilas, sauran kuwa fursunonin yaƙi, mafi yawansu sojojin Holan. A ran 18 ga wata jirgin ƙarƙashin ruwa na Ingila mai suna Tradewind ya nutsar da shi, mutum kimanin 5,600 suka halaka. 'Yan ɗaruruwan da aka tsamo, wurin aikin hanyar dogon aka wuce da su, inda da yawansu suka ƙarasa mutuwa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ya kamata a lura cewa mutanen Jawa su ne mafi yawan mamatan, amma su ne aka fi mantawa da su, domin ba sojoji ba ne, ba su da lambar aiki, ba su kuma da wata ma'aikatar yaƙi da za ta nemi sunayensu.

Laconia a tekun Afirka ta Yamma

Kada a zaci wannan masifa ta tsaya ga ɓangare guda. Laconia babban jirgin fasinja ne na Ingila da aka mayar na aikin soja. A 1942 ya taso daga Masar, ya zagayo ta kudancin Afirka, yana ɗauke da mutum fiye da 2,700, ciki har da mata da yara, da fursunonin Italiya kimanin 1,800 waɗanda aka kama a yaƙin hamadar Afirka ta Arewa, sojojin Folan na gadinsu. A daren 12 ga Satumba, tsakanin tsibirin Asenshin da gaɓar Afirka ta Yamma, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-156 ya harbe shi. Fursunonin suna can ƙasa a kulle, da yawa daga cikinsu ba su sami hanyar fita ba.

Kwamandan jirgin na Jamus, Werner Hartenstein, da ya taso bisa ruwa ya ji ana kururuwa da harshen Italiya, sai ya gane ƙawayen ƙasarsa ya nutsar. Ya shiga tsamo mutane, bai bambanta Ba'italiye da Baturen Ingila ba, ya kuma aika saƙo a fili da Ingilishi cewa duk jirgin da ya zo taimako ba zai taɓa shi ba muddin ba a taɓa shi ba. Wasu jiragen ƙarƙashin ruwa biyu na Jamus da ɗaya na Italiya suka zo suka sa hannu. A ran 16 ga wata, yana jan kwale-kwalen ceto a bayansa, ya shimfiɗa tutar jan kuros a bisa jirginsa, sai wani jirgin saman Amurka da ya taso daga Asenshin ya sakar masa bama-bamai bisa umurnin da aka ba shi, ya kashe wasu daga cikin waɗanda aka riga aka ceto. Hartenstein ya sauke mutanen da ke bisa jirginsa, ya nutsa ya tafi. Jiragen Faransa da aka turo daga wajen Dakar su suka kwashi mafi yawan waɗanda suka rage. Mutum fiye da 1,600 suka mutu, kimanin 1,400 daga cikinsu fursunonin Italiya ne. Kashegari Admiral Karl Dönitz ya ba da umurni ga dukan jiragensa na ƙarƙashin ruwa cewa daga ranar kada su ƙara tsayawa ceton kowa.

Wa ya sani?

Kwamandojin Grouper da Tradewind ba su san abin da ke cikin jiragen da suka harba ba. Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Ingila da Amurka suna warware saƙonnin sirri na abokan gabansu, ta haka ne ma suke sanin ranar tashin ayari da hanyar da zai bi. Misali mafi nauyi shi ne na jirgin Italiya mai suna Scillin, wanda ya tashi daga Tarabulus a Nuwamba 1942 da fursunonin Birtaniya kimanin 800. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Ingila, Sahib, ya nutsar da shi, fursunonin da aka ceto ba su kai 30 ba. Sai bayan fiye da shekara hamsin gwamnatin Birtaniya ta bayyana wa iyalansu hakikanin abin da ya faru, binciken da aka yi kuma ya nuna cewa saƙonnin da aka warware sun ambaci fursunoni a cikin jirgin. Hujjar manyan hafsoshi a fili take: in aka riƙa ƙyale jirgi saboda fursunoni, abokin gaba zai gane ana karanta saƙonninsa, kuma zai riƙa zuba fursunoni a kowane jirgin makamai. Hujja ce ta yaƙi, amma da rayukan mutanen da ba a shawarce su ba aka biya ta.

A Satumba 1944 haka aka gano wani ayarin Japan da ya taso daga Singafo, aka nutsar da Rakuyo Maru da Kachidoki Maru, waɗanda ke ɗauke da fursunonin Birtaniya da Ostareliya fiye da 2,000. Bayan kwana uku jiragen Amurka suka sake bi ta wurin, suka tarar da mutane a kan katakai, baƙin mai ya rufe su, suna kira da Ingilishi. Suka tsamo mutum 159. Daga bakin waɗannan ne aka fara jin cikakken labarin abin da aka yi wa fursunoni a hanyar dogo ta Bama da Tailan.

Kammalawa

Masanin tarihi Gregory Michno, a bincikensa na 2001, ya ƙiyasta cewa Japan ta yi jigilar fursunoni kimanin 126,000 ta teku, fiye da 21,000 suka mutu, mafi yawansu ta dalilin hare-haren ɓangarensu. Bayan yaƙi an yi shari'a. Kyaftin ɗin Lisbon Maru, Kyoda Shigeru, ya sami ɗaurin shekara bakwai a Hon Kon. A Nuremberg an tuhumi Dönitz a kan umurninsa, amma da Admiral Chester Nimitz ya ba da shaida cewa Amurka ma ba ta bin wata ƙa'ida a yaƙin ƙarƙashin ruwa da Japan, sai kotu ta ƙi gina hukuncinta a kan wannan laifi. Wanda ya rufe rumbu ya gurfana gaban alkali, wanda ya ba da umurnin harbi daga ɓangaren da ya ci nasara bai gurfana ba.

Yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta ɗan toshe giɓin. Ta wajabta wa mai tsare fursunoni ya ba su isasshen abinci da ruwa a hanya, ya ɗauki matakan kare su musamman in ta teku ko ta sama za a bi, ya kuma rubuta sunayensu duka kafin a tashi. Wannan sharaɗi na ƙarshe darasi ne kai tsaye daga jiragen da suka nutse da mutanen da ba a ƙidaya ba. Amma ba ta ƙirƙiro wata alama da za a sa wa jirgin fursunoni ba, kamar yadda ta yi wa sansanoninsu na tudu. Kariyar irin wannan jirgi ta dogara ne ga yardar ɓangarorin biyu, ita kuwa yarda ita ce abin da yaƙi ke fara cinyewa.