Awa 120: Yadda Amurka Ta Auna Lissafin Ɗan Sakandare

A Najeriya da Gana, makomar ɗalibin sakandare a lissafi tana rataye ne a kan 'yan awoyin da zai yi a zauren jarrabawar WAEC. Amurka ba ta da irin wannan jarrabawa guda da kowa ke zama kafin ya fita makaranta. Kowace jiha ce ke tsara nata sharuɗɗan, wasu ma sukan bar wa hukumomin ilimi na gundumomi, kuma abin da ake ƙirgawa shi ne kwasa-kwasan da ɗalibi ya ɗauka ya ci tsakanin aji 9 da aji 12. Dokar Kalifoniya shekara biyu na lissafi ta wajabta, jihohi da yawa uku suke nema, wasu kuma huɗu. Shi kansa lissafin an yanka shi gunduwa-gunduwa: aljabra ta ɗaya a shekara guda, jiyometiri a mai bi mata, sannan aljabra ta biyu, sai kwas ɗin share fagen kalkulas, sai kalkulas ga wanda ya yi nisa. Wannan tsani ya haura shekara ɗari a kafe, kuma tun da aka kafa shi ake gardama a kan wanda za a tilasta wa hawa da wanda za a ce ya tsaya a ƙasa.

A 1890 waɗanda ke zuwa sakandare ba su kai kashi 7 cikin ɗari na matasan ƙasar masu shekara 14 zuwa 17 ba. Makarantun kowace da irin tata manhajar, jami'o'in kuma kowace da nata sharuɗɗan shiga. A 1892 ƙungiyar malamai ta ƙasa ta naɗa kwamitin mutum goma ƙarƙashin Charles Eliot, shugaban Jami'ar Harvard, domin ya daidaita al'amarin. Masanin taurari Simon Newcomb ne ya jagoranci zaman da aka yi a kan lissafi. Rahoton da ya fito a 1893 ya sa aljabra da jiyometiri a tsakiyar karatun sakandare, ya kuma tsaya a kan wata ƙa'ida mai tsauri: duk darasin da za a koyar, a koyar da shi iri ɗaya ga kowane ɗalibi, ko jami'a zai tafi ko masana'anta. Masu suka sun ce manyan jami'a ne suka ɗora wa 'ya'yan talakawa karatun 'ya'yan masu hali. Ana iya karanta ƙa'idar ta wata fuskar kuma: Eliot ya ƙi yarda malami ya dubi yaro ɗan shekara 14 ya yanke masa hukuncin abin da zai zama.

Ma'aunin da ake ƙirga karatun da shi kuwa daga batun fansho ya samo asali. A 1905 attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 10 domin biyan malaman jami'a kuɗin ritaya. Gidauniyar da aka ɗora wa rabon sai ta tarar dole ta fara tantance wace makaranta ce ta cancanci a kira ta jami'a. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan da ta gindaya shi ne jami'a ta nemi ɗalibin da zai shiga ya zo da ma'auni 14 na karatun sakandare, kowane ma'auni kuma yana nufin kimanin awa 120 a aji a kan darasi guda cikin shekara. Jami'o'i suna son fansho, sai suka karɓa. Makarantun sakandare suna son ɗalibansu su shiga jami'a, su ma suka bi. Cikin 'yan shekaru ma'aunin Carnegie ya zama kuɗin da ake ciniki da shi a ilimin ƙasar baki ɗaya. Lokacin zama a kujera yake aunawa. Abin da ya shiga kan yaron a cikin awa 120 ɗin, wannan an bar wa malami da makin da ya ga dama ya bayar.

Daga nan makarantu suka cika. 'Ya'yan baƙin haure daga kudanci da gabashin Turai, da 'ya'yan manoma da ma'aikata, suka yi ta kwarara sakandare, kuma masana ilimi suka fara tambayar ko mene ne amfanin aljabra ga wanda zai ƙare a kanti. Masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya riga ya raunana tsohuwar hujjar da ke cewa darasi mai wuya yana wasa ƙwaƙwalwa ta yadda za ta yi kaifi a kowane fanni; gwaje-gwajensa sun nuna ƙwarewa a abu ɗaya ba ta cika tsallakawa zuwa wani ba. A 1918 wani sabon rahoto ya jera manufofin sakandare guda bakwai, cikinsu har da lafiya, da sana'a, da zaman iyali, da kyautata amfani da lokacin hutu. Wanda ya jagoranci rubuta shi, Clarence Kingsley, tsohon malamin lissafi ne a Brooklyn, abin da ya sa lamarin ya ƙara zama abin mamaki. An ƙirƙiro kwas ɗin lissafin yau da kullum, na kasafin gida da riba da kuɗin ruwa, aka tura ɗalibai da yawa can. A 1910 kusan kashi 57 cikin ɗari na 'yan sakandare suna ajin aljabra. Zuwa tsakiyar shekarun 1950 adadin ya sauko kusan kashi 25. A 1945 wani jagoran ilimin sana'a, Charles Prosser, ya fito fili ya raba matasan ƙasar: kashi 20 na jami'a, kashi 20 na sana'a, sauran 60 kuma a koya musu yadda za su zauna da rayuwa. Wanda ya san Amurka ta wancan zamani ba sai an gaya masa waɗanda suka fi faɗawa cikin kashi 60 ɗin ba.

Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, sai hankalin Amurka ya tashi. Shekara na zagayowa majalisa ta zartar da dokar ilimi domin tsaron ƙasa, kuɗi suka shiga kimiyya da lissafi, aka kafa wani rukuni na masana a Jami'ar Yale ƙarƙashin Edward Begle domin sake rubuta littattafan makaranta. Abin da suka fitar shi aka yi wa laƙabi da sabon lissafi: nazarin tarin abubuwa, da ƙirga a tushen da ba goma ba, da tsantsar hujja tun daga ƙananan azuzuwa. A saman tsanin an samu riba ta gaske, domin kalkulas ya sauko daga jami'a ya samu gurbi a sakandare. A ƙasan tsanin kuwa malamai da yawa ba a horar da su ba, iyaye kuma sun kasa taimaka wa 'ya'yansu da aikin gida. A 1973 masanin lissafi Morris Kline ya wallafa littafin da ya yi wa shirin jana'iza, Why Johnny Can't Add. Guguwar ta ƙetaro teku. Tun daga 1962 aka riƙa taron bita a Entebbe ta Yuganda, da tallafin Amurka, domin rubuta irin waɗannan littattafai ga makarantun Afirka, kuma Grace Alele-Williams ta Najeriya tana cikin waɗanda suka yi aikin. A Janairun 1977 kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamani a makarantun firamare na Najeriya.

A Amurka, abin da ya biyo bayan rushewar sabon lissafi shi ne sakaci. Rahoton A Nation at Risk na Afrilun 1983, wanda sakataren ilimi na gwamnatin Reagan, Terrel Bell, ya sa aka rubuta, ya tarar jihohi 35 shekara ɗaya tak na lissafi suke nema kafin su ba da shaidar kammalawa. Ya kwatanta manhajar da gidan abinci inda yaro ke ɗibar kayan zaƙi ya bar tuwo. Ya ba da shawarar shekara huɗu na Ingilishi, uku na lissafi, uku na kimiyya, uku na nazarin zamantakewa, da rabin shekara na kwamfuta. Jihohi suka yi rige-rigen ƙara shekaru. Amma a nan gizo ke saƙar: doka ta ce shekara uku, ba ta ce na wane lissafi ba. Makaranta tana iya ba yaro lissafin yau da kullum, da share fagen aljabra, da lissafin ciniki, ta cika masa awa 360 ba tare da ya taɓa warware ma'adala mai harafi biyu ba.

Wanda ya fi kowa bayyana abin da ke cikin wannan shi ne Robert Moses. A farkon shekarun 1960 shi ne ya jagoranci yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe a Misisipi, inda aka doke shi aka kuma ɗaure shi. Daga baya ya koyar da lissafi a Tanzaniya na wasu shekaru. Da ya koma gida sai ya tarar makarantar 'yarsa a Cambridge ta jihar Massachusetts ba ta koyar da aljabra a aji 8, ya shiga ajin da kansa ya fara koyarwa. Daga nan, a 1982, shirinsa na Algebra Project ya faro. Hujjarsa ita ce aljabra ta zama wa wannan zamani abin da ƙuri'a ta kasance a Misisipi: ƙofar da idan aka rufe wa mutum, an fitar da shi daga cikakken ɗan ƙasa ba tare da an furta ba. A 1999 wani nazari na ma'aikatar ilimi ta tarayya, wanda Clifford Adelman ya gudanar, ya ƙarfafa masu wannan ra'ayi, domin ya nuna ɗalibin da ya gama kwas ɗaya sama da aljabra ta biyu damarsa ta kammala digiri ta ninka fiye da sau biyu. 'Yan siyasa da dama sun karanta wannan kamar kwas ɗin ne kaɗai ke haifar da digirin, alhali nazarin dangantaka ya nuna, kuma masu kaiwa wannan mataki galibi sun zo ne da kyakkyawan tushe tun daga firamare.

Shikago ta gwada maganar a aikace. A 1997 ta soke kwasa-kwasan lissafi na cike gurbi, ta wajabta aljabra ga kowane ɗan aji 9. Masu bincike na Jami'ar Shikago da suka bi diddigi sun tarar yawan masu ɗaukar aljabra ya ƙaru kamar yadda aka so, amma faɗuwa ta ƙaru, makin jarrabawa bai motsa ba, shiga jami'a ma bai ƙaru ba. A 2003 birnin ya sauya dabara: wanda ya zo da rauni a ba shi darasin aljabra sau biyu a rana, a kuma horar da malamansa. Wannan karon an ga ci gaba, har a yawan masu kammala makaranta daga cikin waɗanda rauninsu bai yi tsanani ba. Tsakanin 1997 da 2003 sunan kwas ɗin bai canza ba. Lokaci da koyarwa ne aka ƙara. Wani bincike na gwamnatin tarayya da aka fitar a 2013 ya duba littattafan da ake amfani da su a azuzuwa, ya tarar cikin ɗaliban da takardunsu suka ce sun yi aljabra ta ɗaya a ajin haziƙai, waɗanda suka samu karatu mai zurfin da ya dace da sunan ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Teksas ta hau ta kuma sauko. A 2006 ta nemi shekara huɗu na lissafi, har da aljabra ta biyu, ga mafi yawan ɗalibai. A 2013, bayan matsin lamba daga masu masana'antu da ke neman ƙwararrun ma'aikata da iyayen da suka gaji da jarrabawa, majalisar jihar ta cire wajabcin aljabra ta biyu. Sai dai ta bar wani sharaɗi a gefe: ɗalibin da ke son cin gajiyar dokar da ke bai wa zakarun kowace makaranta gurbi kai tsaye a jami'o'in jihar, dole ya yi ta. Kalifoniya ma haka take, jiha na neman shekara biyu, Jami'ar Kalifoniya na neman uku. Yaro yana iya cika duk abin da doka ta ce, ya karɓi shaidarsa a gaban iyayensa, sannan ya gano cewa zaɓin da aka yi masa yana ɗan shekara 14 ya riga ya rufe masa ƙofar jami'a. Gidan da akwai mai digiri ya san wannan tun da wuri. Gidan da babu, sai abin da jami'in ba da shawara na makaranta ya tuna ya faɗa.

Tsanin yana da matakai biyar, sakandare kuma shekara huɗu ce, don haka mai son kaiwa kalkulas dole ya fara aljabra a aji 8. A 2014 San Francisco ta ga cewa rarraba yara a wannan aji yana bin launin fata da arziki, sai ta ɗage aljabra zuwa aji 9 ga kowa. Masu hali suka biya wa 'ya'yansu darasin bazara da na intanet suka ci gaba da hawa, gibin da aka so toshewa a manyan kwasa-kwasai kuma bai toshe ba. A 2024 hukumar ilimin birnin ta amince a mayar da aljabra aji 8, masu zaɓe kuma suka goyi bayan hakan da gagarumin rinjaye. A daidai wannan lokaci Jami'ar Kalifoniya ta yanke cewa sababbin kwasa-kwasan nazarin bayanai, waɗanda wasu makarantu suka fara bayarwa a madadin aljabra ta biyu, ba za su maye gurbinta ba a sharuɗɗan shiga.

Ita kuwa Gidauniyar Carnegie, a 2023 ta sanar cewa ta haɗa hannu da hukumar shirya jarrabawa ta ETS domin neman hanyar auna abin da ɗalibi ya iya, a daina dogaro da awoyin da ya zauna. Takardun kammala sakandare a yawancin jihohin ƙasar har yanzu da ma'aunin awa 120 ake cika su.